Amsar da na ba Tsoho a gindin aduwa

Bana shekara arba'in da tara ke nan da rasuwar kakana Mamman, wanda duk Dakoro ke kira Ɗan Ikko, mu jikoki kuma muke ce masa Tsoho. Ya haura tasa'in kafin ya cika, don haka ba gajartar kwana nake masa kuka ba. Wata amsa ce na ba shi wata uku kafin rasuwarsa, kuma har yau ba ta bar ni na sake ba.

Tun kafin Faransa ta sa ƙafa a ƙasarmu, yana saurayi, ya bi fatake da raguna har bakin teku. A Ikko zazzaɓi ya kayar da shi, ayari ya juyo ya bar shi. Wani mai kwalekwale, sunansa Jona, shi ya ɗauke shi, ya shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa, ya yi jinyarsa. Ba su da harshe ɗaya, sai Jona ya riƙa ɗaga abu yana faɗin sunansa da Ingilishin bakin ruwa, Tsoho yana maimaitawa. Da haka ya iya sunan kifi da ruwa da gishiri, ya iya gaisuwa, ya iya kiran mutum cin abinci, har da irin tsiyar da masunta ke yi wa juna. Muna yara, in akuya ta shiga masa rumfa, da Ingilishi yake korar ta, mu yi ta dariya.

Bayan wata huɗu wani ayari ya zo, Tsoho ya ce zai bi. A lokacin Jona ya yanke a hannu, ba ya iya tuƙi, Tsoho ne ke riƙe masa kwalekwale. Da suka zo rabuwa Jona ya juya baya, ya faɗi wata magana da sauri, bai waiwayo ba. Tsoho ya gane kalmar hanya kawai a ciki. Ya haddace sauran kamar yadda ya ji, ya zo da su gida, yana juya su a ransa shekara da shekaru: sallama aka yi masa, ko kora? A nan Dakoro ba shi da wanda zai tambaya. In ka ce Turanci a Dakoro, Faransanci kake nufi.

Sai ga ni na shiga kwalej a Maraɗi, aka fara koya mana Ingilishi. Da na zo hutu na same shi da hantsi a gindin aduwa yana tufkar igiya. Ya ajiye igiyar, ya sa na zauna kusa da shi, abin da bai saba ba, don tsakaninmu sai wasan jika da kaka.

"Kai da ka yi karatun lakwal, hwaɗa mani," in ji shi. "Waka sofli, a go de luk rod. Mi ya ce mani?"

Ban sani ba. Babu shi a littafinmu, mushe, wato malaminmu, bai taɓa faɗa ba. Amma ga ƙannena a tsaye suna kallon ɗan kwalej, ni kuma shekarata goma sha huɗu, kaina ya fi hulata girma. Na yi dariya na ce, "Tsoho, ai zaginka ya yi. Cewa ya yi kama hanya, butulu."

Na zaci zai rama, ya ce ni ne butulu mai cin tuwon matarsa, kamar kullum. Bai rama ba. Ya duba kaye, littafin rubutun da ke hannuna, ya ce dama ya yi tsammani, ya ɗauki igiyarsa. A wurinsa mai takarda ba ya wasa da abin da ke cikin takarda. Na ga fuskarsa sarai, na kuma san abin da ya kamata in ce, kunya ta hana ni. Har hutu ya ƙare ban sake jin ya kori akuya da Ingilishi ba. Ina Maraɗi aka aiko cewa ya rasu.

Shekara ashirin bayan haka na raka shanu Ikko a mota. A bakin kara, kasuwar shanu, wata mai sayar da abinci tana sallamar ɗanta da zai yi tafiya, sai na ji maganar nan daga bakinta, kalma bayan kalma. Na kama hannun dillalinmu na ce ya fassara mini. Ya ce ai ba wani abu ba ne, kowa na faɗa: tafi a hankali, zan riƙa duban hanya. Na zauna a kan buhun dusa, na kasa cin abincin da na saya.

Yanzu samarin Dakoro daga waya suke kwasar Ingilishi, suna jifan juna da shi a wurin shan shayi, masu kai dabbobi Najeriya ma kowa da 'yan kalmominsa na ciniki. Wasu tsarana suna ƙorafi wai ba na makaranta ba ne. Ni ba na sa baki. Na san da Tsoho na nan da a tsakiyarsu zai zauna yana gwada nasa, kuma da tambayarsa ba ta kwana ba, don yaron da ya fi kowa ƙuruciya a cikinsu zai amsa masa ita.

Bai bar gona mai yawa ba, igiyoyinsa sun daɗe da ruɓewa. Abin da ya rage shi ne kalmomin nan da 'ya'yana suka gada ba su san daga ina ba, da kuma "ban sani ba", wadda na koyi faɗa ko a gaban jikokina. Duk shekara ina zuwa kabarinsa in yi masa addu'a. In na shafa, sai in faɗa masa da Hausa cewa Jona bai kore shi ba, hanya yake duba masa.