Bawa Mai Kunnuwa da Motocin da Ba Su da Fuska

Da faɗuwar damanar bana yayana Bawa ya cika shekara goma sha bakwai a ƙasa. Ciwon ciki ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa a Dauran, iyalinsa kewaye da shi, aka wanke shi aka sallace shi kowa na gani. A lokacin na yi ta kuka ina ganin ya yi saurin tafiya. Yanzu kuwa, Allah ya gafarta mini, har sha'awar irin mutuwarsa nake yi. Ban so in yi rubutu a kansa bana ba, don abin da ke cikin gidansa yau ya fi ƙarfin bakina. Zancen mota ne ya tilasta mini, kuma duk wanda ya san Bawa ya san ba a ambatonsa a tsallake mota.

Direba ne tsakanin Kaura Namoda da Zurmi, ranar Alhamis kuma ya karkata zuwa kasuwar Shinkafi. Motarsa doguwa ce, tsohuwar ƙirar Faransa, koriya shar, fitilunta zagayayyu ƙwala-ƙwala, a bayanta kuma akwai wasu tsinaye biyu da suka miƙe sama, ɗaya a kowane gefe. Su mutane suka kira kunnuwa. Sunan ya kama motar, daga baya ya kama mai ita, har ya zama in ka ce Bawa Direba a tashar Kaura sai a tambaye ka wane Bawa, amma in ka ce Mai Kunnuwa ko mai sayar da rake zai nuna maka inda yake zaune.

Shi a wurinsa kowace mota fuska gare ta, kuma da gaske yake faɗi, ba da wasa ba. Sai mu zauna a bakin tasha yana hango su tun daga nesa yana kiran masu su. Ga kunkurun hedimasta can mai ƙusumbi, ga a-kori-kurar masu hatsi ta ɗaga gaba saboda lodi, ga roka mai dogon hanci, ga ta likita mai faɗin baki kamar tana yi wa kowa dariya. Bai taɓa kuskure ba, kuma ba shi kaɗai ba, yaran gari ma sun iya. Da sababbin motoci suka fara shigowa a ƙarshen rayuwarsa, masu sumul ɗin nan da ba gira ba hanci, sai ya zagaya ɗaya ya tofar da yawu ya ce, "Wanga abu mi na na? Sabulun wanka anka sa ma taya!" Tasha ta ɗauki dariya. Shi bai yi ba, haushi yake ji na gaske.

Matarsa, Yaya Kulu, ita ta fi kowa cin moriyar waɗannan kunnuwa. Gidansu yana bakin hanya. Da la'asar takan leƙa ta saman danga, in ta hango kore da tsinaye biyu sai ta ɗora ruwan wanka, in ba ta hango ba ta koma ga dakanta, babu motar da za ta ruɗe ta. Ni ƙanin miji ne, don haka tsiya nake yi mata, in ce ita motar ta aura ba yayana ba. Takan jefe ni da ɓawon gyaɗa ta ce in tafi in nemo tawa matar in ga ko akwai mai leƙena. Yau in na tuna wannan raha sai in ji kamar a wani gari aka yi ta.

Bayan rasuwarsa motar ba ta daɗe ba. Kayan gyaranta suka yi wuya, ta zauna a ƙofar gida kaji na ƙwai a ciki, daga ƙarshe 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta suka loda. Ɗansu na fari, Lawali, shi ya gaji tuƙi. Yaron kirki ne, mai haƙuri, ya fi ubansa sanyin baki. Motar da ya samu ƙarama ce ruwan toka, irin wadda in ka shiga tashar Kaura yau za ka ga layi guda nata, ba ka bambanta su sai ka sunkuya ka karanta lamba.

Bara, gab da girbi, Lawali ya ɗauki fasinja ranar Alhamis ya nufi Shinkafi. Bai isa ba, bai dawo ba. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba sai na ɓata takarda ba. Waɗanda ɓarayin daji suka ɗauke wa mutum akan kira su a waya, ko da muguwar magana ce dai sun ji murya. Mu ba wanda ya kira. Wayarsa a kashe tun ranar, kuma fasinjojin da ya ɗauka baƙi ne, ɗan kamasho bai san danginsu ba.

Na bi hanyar ƙauye bayan ƙauye ina tambaya, a nan ne kuma maganar Bawa ta dawo mini. Duk inda na tsaya tambaya ɗaya ce: wace irin mota? In ce ruwan toka, gajera, mai baƙin gilashi a baya. Sai a dube ni da tausayi. Wani dattijon makiyayi, wanda shi ma an kore masa shanu ya dawo bakin hanya da zama, ya ce mini, "Malam, irin wagga ko goma sun wuce kahin azahar. Kuma mu yanzu in mun hangi mota ba tsayawa mukai kallo ba, ba mu san wa ac ciki ba." Da na ce yaron ɗan Mai Kunnuwa ne sai ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ashe Bawa ya taɓa sauke buhunan wani ɗan kasuwa a bakin hanya ya ɗauki matar makiyayin tana naƙuda ya kai ta Kaura. Ya ce, "Da koriyar nan ta, wallahi da na gaya maka inda tat tsaya shan ruwa." Muka tsaya nan muna duban juna, ba abin da ɗayanmu zai iya yi wa ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka na zare. Na sani ba masu ƙera motoci suka kawo mana bindiga ba. Na sani motocin yanzu ba su shan mai kamar na da, ba su tafasa a kan tudu, kuma Mai Kunnuwa kanta sau nawa muka tura ta da safe muna zaginta. Amma wa ya ce sai an goge wa abu kamanninsa kafin ya yi kyau? A ce duniya duk da faɗinta ta rasa mai zana mota biyu da za su bambanta? Wanda ya zauna can ya yanke cewa duk su zama ruwan toka masu sumul, bai san akwai wurin da ake neman mutum da kamannin motarsa ba.

Yaya Kulu ta tsufa, ta bar leƙe ta saman danga, yanzu a bakin zaure take wuni a kan tabarma. A zamanin mijinta sau ɗaya gabanta ke faɗuwa a rana, kuma na murna ne. Yanzu duk motar da ta ɓullo daga kwana ta ɗanta ce har sai ta wuce. Ta dafa bango ta miƙe, ta sa hannu a goshi, motar ta shige, ta zauna. Kafin ta gyara zama ga wata. Gwiwoyinta sun kumbura saboda tashi da zama, an yi an yi ta koma ciki ta ƙi. A cikin gida kuma ga Luba matar Lawali da yara biyu, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Malamai sun ce ba a yi wa mutum salla sai an tabbata, kuma gaskiyarsu. To, da me za mu tabbatar?

Nakan tambayi kaina me Bawa zai ce da ya ga wannan. Mutum ne mai faɗa, na san zai fara da zagin motar, ya ce da ma ya faɗa. Amma ba na jin zai daɗe yana zagin. Ina jin da ya ga matarsa tana miƙewa saboda motar baƙi, shiru zai yi, irin shirun da ban taɓa gani a wurinsa ba.

A watan jiya aka aiko mana cewa an ga wata mota a ƙone a daji wajen Jangeru. Na bi 'yan sa-kai muka je da hantsi. Na tarar ba ni kaɗai aka aika wa ba, gida uku ne muka haɗu a kan ƙarfe ɗaya. Wuta ta cinye fenti, an cire lamba, takardun Lawali kuma a cikin motarsa yake ajiye su, don haka ba ni da abin da zan gwada. Ba gawa, ba tufa, ba komai. Wani bawan Allah daga Shinkafi ya durƙusa yana kuka yana cewa ta ƙaninsa ce. Wani daga Kaura ya rantse ya gane lotsewar ƙofar baya. Ni na zagaya ta ya fi a ƙirga, na leƙa ƙasa, na shafa gaba da baya ina neman ko da abu ɗaya da zai ce mini e ko a'a. Ta yi kama da ta Lawali sak. Ta kuma yi kama da wadda ta kai ni wurin.

To me ya rage na Bawa bayan shekara goma sha bakwai? Motarsa an narka ta. Samarin tasha ba su san shi ba, in ka ce Mai Kunnuwa sai su ɗauka zagi ne. Sauran 'yan tsofaffi a bakin hanya da ke tuna alherinsa, su ma ana ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ga ya rage masa mai ƙwari shi ne kabari da muka san inda yake, muna zuwa mu yi masa addu'a mu dawo. Ban taɓa zaton wannan zai zama gata ba sai da ɗansa ya rasa shi. Allah ya jiƙan Bawa, ya sa ya huta.

Da na dawo daga Jangeru, motar haya ta tsaya da ni a ƙofar gida, na ga Yaya Kulu ta riga ta miƙe tana dafe da bango. Da ta ga ni ne na fito sai hannunta ya sauka.

"Isah, ita ta?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ka gan ta da idonka?"

"Na gan ta. Ban sani ba."

Ta zauna a hankali, ta daɗe tana duban hanya. Yaya Kulu mace ce mai alkunya irin ta da, tun ranar da ta haifi ɗanta na fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan, ko a gaban wa. Ranar nan ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta ko dube ni ba.

"Lawali," ta ce. "Lawali, ina kake?"