Sylvanus da Filayen Tsere Biyu

A unguwar Glenwood, can a Amurka, akwai wani ɗan gida mai farin fenti wanda ƙofar garejinsa ke buɗe kowace Asabar da hantsi. A ciki za ka ga wani mutum mai furfura a gemu ya durƙusa gaban jan babur, yana magana da shi ƙasa-ƙasa. Sylvanus ke nan. Ranakun aiki gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, ranar Lahadi kuma shi ke tsayawa a ƙofar coci yana nuna wa mutane wurin zama. Ɗaliban da ke haya a maƙwabta sun san shi da gyara musu keke. Kaɗan ne suka san cewa jan babur ɗin ba shi da fitila ko madubi, domin na tsere ne.

A Bukuru kusa da Jos aka haife shi, kuma acaɓa ya fara yi tun yana saurayi. A kan babur ya haɗu da Christy. Ta tare shi a kasuwa da kwandon tumatir a ka, ta ce ya tafi a hankali. Ya tafi a hankali har ta gaji ta ce ya ƙara wuta. Bayan sun yi aure, ko'ina tare suke zuwa, ita a baya ta riƙe rigarsa.

Sai aka yi rikicin Jos. Ya fita aiki da safe, hanyoyi suka rufe, ya maƙale a wani bariki tare da ɗaruruwan mutane, babu hanyar aika saƙo gida. Christy tana da cikin 'yarsu Ƙauna a lokacin. Kwanaki ta yi a bakin ƙofa tana kallon inda titi ya sha kwana. Ya dawo lafiya, amma tun daga nan idan ya fita ba ta samun sukuni sai ta ji ƙarar babur ɗinsa. Da suka samu zuwa Amurka, ya sayar da babur ɗin, ya yi shekaru masu yawa bai ƙara hawa ba.

Bayan Ƙauna ta tafi jami'a ne ya kai motarsa wani shagon taya a Gate City Boulevard. Mai shagon, Abdul-Hamid, mutumin zangon Kumasi ne a Ghana, mai yawan dariya da son gardama. A bayan shagon Sylvanus ya hangi babur da lamba a goshinsa. Ya tsaya yana kallo har aka gama ɗaura tayar bai sani ba.

"Ka iya?" in ji Abdul-Hamid.

"Da shi na ci abinci a gida."

"To wannan ba ya ba da abinci. Mu dai muna zuwa fili mu yi gudu, mu dawo da ciwon baya."

Haka ya shiga cikin masu tseren sha'awa, mutanen da suke da ayyukansu, malamai da direbobi da masu gyaran famfo, waɗanda ke haɗuwa a ƙarshen mako daga bazara zuwa kaka. Christy ba ta hana shi ba. Ba ta kuma taɓa tambayarsa yadda aka yi ba. Ranar tsere takan karɓi ƙarin aiki a gidan kula da tsofaffi inda take aiki, don kada ta zauna ita kaɗai. Da zarar ya sauka daga babur sai ya kira ta. Takan ce, "To, mun gode wa Allah," ta kashe wayar.

Filaye biyu suke zuwa, kuma a kansu abokan biyu suka saba ja-in-ja. Ɗaya yana arewa, bayan an tsallaka iyakar jihar Virginia, cikin tuddai da manyan bishiyoyi. Suna ce masa filin Tudu. Kwaltarsa sumul, hanyar tana hawa tana gangara, akwai wurin da babur ke kai ƙololuwa kafin mahayi ya ga abin da ke gaba. Sylvanus yana son wannan fili kamar ransa. Yakan ce idan ya gangaro daga tudun nan, ji yake kamar yana kan hanyar Pankshin a can gida. Ɗayan yana gabas, a tsakiyar gonakin auduga, shi ya sa suka raɗa masa filin Auduga. Shimfiɗaɗɗe ne, gajere, kwanoninsa matsattsu, ga zafin rana. Abdul-Hamid can ya fi so, don ya iya taka birki a makare, kuma kullum a can yake wuce abokinsa.

"Filin nan naka kamar faranti," Sylvanus kan ce. "Zagaye kawai ake yi."

"Chale, abokina, a farantin ne nake cinye ka," Abdul-Hamid kan amsa.

A farkon wata bazara, mijin Anti Jimmai, babbar ƙawar Christy a zumuntar mata ta coci, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Christy ta je taya ta kwashe kayansa. A ɗakin ajiya suka tarar da sandunan kamun kifi jere. Anti Jimmai ta zauna a ƙasa tana shafa su, ta ce kullum yana roƙonta ta raka shi bakin tafki, ita kuwa sai ta ce sauro ya yi yawa. Yanzu ko sunan tafkin ba ta sani ba.

Da yamma Christy ta shigo gareji, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya nesa da babur ɗin, hannuwanta a harɗe.

"Baban Ƙauna, yaushe ne tseren gaba?"

Ya ajiye sifana. "Akwai biyu a wata mai zuwa. Lafiya?"

"Zan je. Sau ɗaya. Ka zaɓi wanda za ka kai ni."

Washegari da azahar ya je shagon Abdul-Hamid. Suka zauna a kan tsofaffin tayoyi suna cin waakye, shinkafa da waken mutanen Ghana. Da Abdul-Hamid ya ji labarin sai da ya ajiye cokali.

"Anti Christy da kanta? To ai magana ta ƙare. Tudu za mu. Yau na yarda da kai. Can akwai inuwa, akwai ciyawa, ya fi kusa, kuma can ne kake zama mutum. Bari ta ga mijinta yana gaba."

Sylvanus ya tambaya, "Idan mutum ya tsaya a shingen 'yan kallo a Tudu, me yake gani?"

"Miƙaƙƙen layi da kwanar farko."

"Daga nan fa?"

"Daga nan kun shige bishiyoyi."

"Har yaushe?"

Abdul-Hamid ya yi tunani. "Da ɗan jimawa. Sai an zagayo."

"A Auduga fa?"

"Ai can ko ɓera ya ratsa ƙarshen fili sai an gan shi." Yana faɗa sai ya dubi abokinsa. Ya san labarin Jos, Sylvanus ya taɓa ba shi a hanya.

"Za ta tsaya tana kallon bishiyoyi, tana jiran in fito," in ji Sylvanus. "Kowane zagaye. Ba zan sake sa ta wannan jiran ba."

"Amma ka san a can ba zan raga maka ba."

"Wa ya roƙe ka?"

Ranar tseren suka ɗaure baburan a tirela suka nufi gabas. Christy ta yi gwate a kula, ta zauna a gaban mota. Da suka isa ta ga abin da ba ta zata ba: rumfuna jere, yara suna guje-guje, wata dattijuwa tana taya mijinta zuge rigar fata. Motar asibiti tana gefe. Motar ce Christy ta fi kallo.

Sylvanus ya kai ta wani ɗan dandamali na katako kusa da shinge, ya buɗe mata lema, ya nuna mata hanyar da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ya ce ta bi jar hular kwano. Ta gyara masa wuyan riga, ko da yake babu abin da ya karkace.

Da aka saki tuta, ƙarar injuna ta sa ta runtse ido. Da ta buɗe, sai ga jar hular a tsakiyar tarin babura. Ta bi ta da ido har can ƙarshen fili inda ta zama ɗan ɗigo, ta ga ta juyo, ta ga tana girma. Ba ta ɓace mata ba ko sau ɗaya. A kwana babur ɗin yakan kwanta har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ita ma sai ta karkata tare da lemar ba ta sani ba.

Ana tsakiyar tsere wani mahayi da ke gaban Sylvanus ya zame a kwana, ya tafi suuu cikin ciyawa. Christy ta saki lemar. Ta ga mijinta ya buɗe ya kauce, ta ga wanda ya faɗin ya miƙe yana kaɗe jiki yana ɗaga hannu. A wannan kaucewar ce Abdul-Hamid ya kutsa ta ciki ya wuce, bai kuma sake ba da hanya ba. Sylvanus ya ƙare can wajen baya.

Ya dawo rumfa gumi na zuba, ya cire hula. Christy ta zo ta kama fuskarsa da hannu biyu. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Don me ka bar masa cikin kwanar? Ai ka buɗe masa ƙofa."

Abdul-Hamid ya yi dariya har da riƙe ciki. Da Sylvanus ya tafi wanke fuska, sai ya matso ya rage murya.

"Anti, wannan ba filinsa ba ne. Ba ya son nan ko kaɗan. A wancan na tuddai ne ba na ganin ko ƙurarsa."

"To me ya kawo mu nan?"

"A can bishiyoyi suna ɓoye mutum."

Christy ta buɗe kula, ta zuba gwate a kwano, ta cika shi fiye da yadda ta saba, ta rufe ta ajiye a inuwa. Da Sylvanus ya dawo ta miƙa masa, ta zauna kusa da shi a kan akwatin kayan aiki har ya cinye.

A hanyar komawa suka tsaya gefen wata gona don Abdul-Hamid ya yi la'asar. Sylvanus da Christy suka zauna a bakin tirela, tsakanin baburan. Sylvanus ya tambaye ta ko za ta sake zuwa. Ta ce ba ta sani ba, zuciyarta ba ta gama sauka ba tukuna. Amma ta ce a mako mai zuwa ya ɗauke su ita da Anti Jimmai a mota, su bi tafkunan da ke kewayen gari ɗaya bayan ɗaya, ko wani a cikin masu kamun kifi zai tuna da marigayin. Ya ce zai ɗauki hutun ranar Laraba.