Gangar Kabejin Leokadiya

Hipolit Zmuda kafinta ne a wani ƙauye kusa da Kalwariya, haka ubansa, haka kakansa. Kujerunsa ba su fi na kowa ba. Abin da ya fitar da sunansa shara ce. Tun yana yaro ubansa ya koya masa cewa garin katako ba ɗaya ba ne: in an yanka itacen olha a share a zuba a buhunsa, in an yanka buk a zuba a nasa, mai ƙaro kuma a kai wa kaji shimfiɗa. In Ista ta gabato sai matan layin su zo da buhuna, domin da garin olha da buk ake bandar naman biki. Ba ya karɓar komai. Ranar Lahadin Ista kowane gida ya aiko masa da yanka ɗaya, ya ɗanɗana, ya faɗi wadda ta yi gaggawar wuta.

Ƙurar da ya yi shekaru yana sharewa ita ta cinye masa ƙirji. Bayan rasuwar matarsa Leokadiya tari ya yi tsanani, likita ya ce ko ƙura ta bar shagon ko shi ya bar shi. 'Yarsa Bozena ta riƙe maganar gam, ta karɓe makullin shagon daga hannunsa. A lokacin mijinta Zenek ne ke tafiyar da shagon, yana haɗa kabad na kicin da katakon kamfani, wanda ɓarɓashi ne aka matse da gam. Zenek ya ce babban injin zuƙar ƙura ya fi ƙarfinsu, ƙaramin da suke da shi kuma kafin a gama goge ƙofa ɗaya jakarsa ta toshe.

"Baba, ku huta mana," in ji shi. "Ga talabijin, ga murhu. Wani neman irin zamanku yake."

Hipolit ya sauka ɗakin ajiya ya mirgino gangar da a da Leokadiya ke jiƙa kabejin hunturu a ciki. Ya huda murfin wuri biyu, ya sa tiyo ɗaya ta gefe a karkace, ɗayan a tsakiya zuwa injin. Ƙura in ta shigo sai ta yi ta juyawa a bangon gangar har ta faɗi ƙasa, iska kaɗai ke wucewa. Jakar ta daina toshewa. Bozena ta shafa yatsa a kan taga ba ta ga komai ba, ta mayar masa da makullinsa.

Sai dai tiyo ɗaya ne, ganga ɗaya. Duk abin da aka yanka a shagon cikinta yake taruwa. Hipolit ya sani, ya kuma yi niyyar yanka olha dabam domin matan layi, amma ana tsakiyar azumin da ke gabanin Ista sanyi ya kwantar da shi. Genowefa, gwauruwar da ke maƙwabtaka da su, ta zo da buhunta kamar kullum, sauran mata na biye. Zenek, wanda bai taɓa bandar nama ba, ya buɗe ganga ya cika wa kowa har da gyara.

Naman layin gaba ɗaya ya fito da ɗaci, yana warin gam, ko kare ya shinshina ya wuce. Ranar Asabar da ake kai kwandunan abinci coci a sa musu albarka, na layinsu ƙwai ne da burodi kawai. Ba wanda ya ambaci Zenek. Garin katakon Hipolit aka ce. A ƙofar coci Genowefa ta tare shi.

"Malam Hipolit, da ubanka na raye, da wannan gangar zai sa ka ciki ya rufe."

Da ya sami sauƙi sai ya shiga shagon da sassafe, ya zare tiyo daga jikin zarto, ya yanka olha, gari ya zubo ƙasa fari tas kamar na da. Ya ɗauki tsintsiya. Tarinsa ne ya kira Bozena daga kicin. Ta same shi dafe da teburin aiki, ƙura na yawo a hasken taga. Ya ce mata buhu ɗaya kawai yake so ya kai wa Genowefa, ta gwada ko da kifi ne. Ta ce ta binne uwa, ba za ta binne uba saboda naman maƙwabta ba. Ta zare makullin daga aljihun rigarsa, shi kuma ba shi da numfashin gardama.

Yanzu matan layin a kanti suke sayen garin banda cikin leda. Hipolit yana zama a benci a bakin shagon, bargo a gwiwa, yana jin kukan injin ta bango. Kafintocin ƙauyukan kusa kan zo kallon gangar, su gaishe shi su wuce ciki, ya ji Zenek yana nuna musu inda ake huda murfi.