Babu Babba, Babu Ƙarami

Shekarar da aka ba mu mulkin kai aka tura ni Kebbe koyarwa, aikina na farko. Turancina a lokacin bai cika cokali ba, amma ni gani nake daga ni sai Gwamna. Ko ruwa zan roƙa sai na jefa kalma guda ta Turanci a ciki.

Ana saura wata ɗaya a yi bikin mulkin kan, En'e, wato hukumar gargajiya, ta aiko da bandir na kaki, aka ce kowane ɗalibi ya fito maci da yunifom. Hedimasta ya ɗora mini yadin a keke, ya ce in kai wa wani tsohon tela a Tambuwal, wanda aka yi alkawarin bar masa ɗinkin makaranta duk shekara in ya yi da kyau.

Na same shi a rumfarsa bakin kasuwa, da keken ɗinkinsa na hannu. Na ce, "Baba, yunifom za ka ɗinka mana, taguwa da gajeren wando."

Ya ce, "Malam, mi ak kuma yunifom? Kayan sarki irin na 'yan doka?"

Nan fa aka zo wurina. Na gyara tsayuwa, na ce kalmar tana da faɗi. Soja na da nasa, ma'aikacin asibiti na da nasa, amma asalin ma'anarta abu iri ɗaya, ba bambanci ko kaɗan. Har na ƙara da cewa, "Babu babba, babu ƙarami."

Tsohon ya ce, "To in taho in auna yaran?"

Na ce ba sai ya wahala ba, ai na riga na yi masa bayani. Gaskiyar magana, daɗin bakina nake ji, ban ma saurari tambayar da kyau ba.

Saura kwana huɗu ya iso Kebbe da kaya a kan jaki. Ɗinki kam ba a magana, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Sai dai duk awo ɗaya ne, na yaro matsakaici. Ajinmu kuwa akwai ɗan shekara bakwai, akwai kuma ɗan makiyaya da gemu ya fara tsiro masa. Ƙananan suka shige cikin wando har ƙirji, suna riƙe da shi hannu bibbiyu. Manyan kuwa ya tsaya musu a cinya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Yara suka yi ta birgima don dariya, ni ma na soma, sai na ga fuskar hedimasta.

A gaban yaran ya wanke tsohon tas. Ya ce wane irin tela ne zai yanka yadin hukuma bai auna kowa ba? Ni kuwa ina gefe, ina jira a nuna ni. Tsohon ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuskure na niy yi, ranka shi daɗe. Ni gyara."

Kwana uku ya yi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, yana rage na ƙanana yana ƙara wa manya. Ran biki muka yi maci lafiya, ko da yake wasu wandunan na da ƙyalle a gefe kamar bakin tabarma.

Da zai tafi na raka shi bayan gari, kunya ta ishe ni. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa ni ne?"

Ya ce, "Malam, ni an san hannuna tun ba a haife ka ba. Kai ko yanzu ka faro. In yaran ga sunka yi ma dariya rana guda, ba su koma jin maganarka."

Na yi niyyar in sami hedimasta in faɗi gaskiya. Kullum sai in ce gobe. Da shekara ta kewayo, aka ba wani tela ɗinkin makaranta, kuma ni aka aika na kai masa yadin. Ta gaban rumfar tsohon hanyar ta bi. Ya ɗago hannu ya gaishe ni da fara'a, har ya tambayi lafiyar yara.