Hankakin Roba a Gonar Kafil

Lokacin da korona ta rufe Doha, ni direba ne a gidan wani Balarabe. Aikina kai yara makaranta da kai uwargida kasuwa. Makaranta ta koma cikin waya, cefane ya koma zuwa har ƙofar gida, sai na wayi gari ina wanke motar da ba ta je ko'ina ba. Kafil ɗina, wato wanda ya ɗauko ni aiki, mutum ne da ganin ma'aikaci a zaune ke sa masa ciwon kai. Wata safiya ya leƙo ta taga da takunkumi a fuska, ya ce in haɗa kayana in koma gonarsa da ke arewa da birni.

A gonar akwai dabino da tumatir da kankana, duk ana shayar da su ta siraran bututu. Mai kula da ita wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, wanda ya daɗe a ƙasar har ya daina mamakin komai. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Ɗan Najeriya, kamar ni kaɗai ƙasar ta haifa.

Matsalar gonar hankaki ne. Ba irin namu masu farin ƙirji ba. Waɗannan wuyansu toka-toka ne, ba su kai namu girma ba, amma sun fi su rashin kunya. Ba sa cinye kankana. Kowace sai su fasa ta sau ɗaya su ɗanɗana su wuce ta gaba.

Zaman gida ya ishi kafil, sai ya faɗa kallon bidiyon Turawa masu harbin hankaka. Ran nan ya iso da katon kwali. Muka buɗe, ga hankakin roba goma sha biyu, baƙi wuluk, kowanne da tsinke a ciki na kafawa a ƙasa. Ya ce idan na gaske suka ga 'yan uwansu suna kiwo za su sauko, shi kuma yana ɓoye da bindiga.

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Afirka ne, ka san farauta."

Ni a cikin birnin Kano na tashi. Mahaifina tela ne. Iyakar farautata riƙe ƙafar ragon layya. Amma a wancan lokaci ana ta sallamar direbobi, don haka na ce, "Sosai ma, Mudir."

Baba ya yi tari ya juya baya.

Kafil ya karanto mini dokokin daga wayarsa. A kafa su suna fuskantar iska. Kada a cunkusa su wuri ɗaya. A ɗora ɗaya a sama a matsayin mai gadi. Na bi kunyoyin kankana ina auna taku biyar-biyar ina kafawa. Baba ya tsaya da tiyo a hannu ya ce ko gwamnati ta zo ba za ta ci su tara ba, sun fi mutanen Sana'iyya, unguwar leburori, ba da tazara. Kafin la'asar iskar arewa ta taso ta kwashe rabinsu, na tsinto ɗaya a cikin garken awakin maƙwabci. Daga nan na huda su na ɗura musu yashi.

Na gina bukkar ɓuya da ganyen dabino, daidai zaman mutum ɗaya. Ranar Juma'a kafil ya zo farauta cikin farar jallabiya mai ɗaukar ido. Ya leƙa bukkar ya ce ta yi zafi, a faɗaɗa. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo matashi, da fanka mai caji, da butar gahawa, da kaskon turaren wuta. Motarsa kuwa, fara ƙatuwa, ya ajiye ta a jikin bukkar don kada ya yi tafiya a rana.

Hankaki suka jeru a kan tankin ruwan maƙwabci suna kallonmu. Awa uku muna kallon juna. Kafil ya shanye gahawa, ya amsa waya sau bakwai, ya ce, "Khalas," ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba suka sauko. Ɗaya har ya tsaya a kan mai gadina yana goge baki.

Juma'a uku haka. A ta ukun kafil ya tambaye ni, cikin murya mai sanyi, ko a ƙasarmu ma haka mafarauta suke. Na gane cewa wurin zamana ya fara rawa.

Akwai ragowar farin fenti da aka shafa wa katanga. Na zauna a inuwa ina tunanin cewa ni dai hankakan da na sani farin ƙirji gare shi, wataƙila abin da ya rage ke nan. Na ɗauko buroshi na yi wa kowanne farar riga.

Baba ya ce, "Ɗan Najeriya, me kake yi? Ka taɓa ganin mai farin ƙirji a garin nan?"

Na ce, "Baba, bar ni. Ko ta ina dai korata za a yi."

Washegari da hantsi ihu ya fito da mu. Hankakin unguwar kaf sun taru a kan gonar, suna shawagi, suna kawo sura, suna caccakar robobina. Ban taɓa ganin fushi irin wannan ba. Baba ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Sun ga baƙi ba takardar zama!"

Na buga wa kafil waya. Ya iso ko takalmi bai daidaita ba, bai ma shiga bukka ba ya fara harbi. Da hayaƙi ya lafa muka ƙirga: hankakin roba biyu sun riga mu gidan gaskiya, babban bututu ya fashe, ruwa na tsiri sama. Na gaske ko gashi ɗaya bai faɗo ba. Suka koma gefe, da muka matsa suka dawo suka yi wanka. Amma kafil murna kamar ya ci yaƙi. Ya ce dabarar Afirka ta fi ta Turawa, ya riƙa kirana ustaz. Baba kuwa ya yini yana ɗaure bututu.

Gari ya buɗe, na koma tuƙi. Na ɗauka maganar ta wuce, ashe kafil yana ta ba da labarin a majalisa, kuma duk bayarwa gawar hankaki ƙaruwa take.

Da gasar kofin duniya ta zo, wani abokin kasuwancinsa Bature ya sauka kallon ƙwallo. Mutum ne mai jiki, jar fuska, da gyalen ƙasarsu a wuya duk da rana. Aka lallasa ƙasarsu a wasan farko. Kafil ya ga baƙo ya yi jugum, ya ce maganin wannan farauta ce.

Aka tura ni gona tun da safe. Robobin sun yi shekara biyu a ɗakin ajiya, zafi ya lanƙwasa su, wani baki ya karkace, wani ya zama kamar agwagwa. Na kafa masu dama-dama. Hankakin gaske kuwa sun gama da wannan wasan, ko kallo ba su yi ba.

Kafil ya ja ni gefe ya ce, "Ustaz, dole baƙona ya kashe wani abu yau. Yadda za ka yi, kai ka sani."

Baba yana da zaren kamun kifi da ya sayo a Wakra. Na ɗaura a ƙafar mai gadi, na ɗora shi can nesa a kan sanda, na ja zaren zuwa bayan wani dabino na tsuguna. Ina ɗan girgiza shi, kafil ya nuna wa baƙo yana raɗa. Baƙo ya ɗaga bindiga, ya daɗe yana saiti, ya harba. Na ji harsashin ya bi ta ganyen dabino, nesa da sandar ƙwarai. Na fizge zare, mai gadi ya faɗo tim.

Kafil ya yi kabbara ya rungume baƙo. "Yalla, ɗauko!" Na ruga na cusa gawar a buhu na ɗaure baki. Baƙo ya ce yana son gani. Baba ya tare shi da fuskar likita, ya ce tun bayan korona an hana taɓa mataccen tsuntsu. Kafil ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya matsa wa kowa man tsaftace hannu. Aka ɗauki hoto, baƙo riƙe da buhu, yashi na tsiyaya ta gindinsa, ni kuma ina takewa da ƙafa.

Ni na mai da baƙon masaukinsa. Hanya cike da 'yan kallo da tutoci, muna tafiya kamar ba ma tafiya. Da muka shiga gari, sai baƙon ya ce da Turanci, "A gona na girma. Ina yaro ni nake kafa wa mahaifina irin waɗancan."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ya ce da gangan ya harba sama, saboda ya hango ƙafata a bayan dabinon. Ya ce amma na iya jan zare, faɗuwar ta yi kyau. Ya roƙe ni kada in gaya wa kafil, mutumin kirki ne, ya yi ɗawainiya. Na ce ba zan faɗa ba.

Da zai sauka ya tambaye ni ko ƙasarmu na cikin gasar. Na ce a'a, ba mu samu zuwa ba. Ya ce to mun huta, ya cire gyalen ya bar shi a kujerar baya ya shige ciki.