La'asar a Taɓon Nansha

A ƙarshen shekarun casa'in, mu 'yan kasuwar Kwari masu saro yadi a Guangzhou ba mu da yawa. Wata Lahadi mai masaƙar da muke ciniki da shi, wanda muke kira Laoban, ya kwashe mu mu uku zuwa ƙauyensu a Nansha mu ga teku. Lokacin babu komai a wurin sai taɓo da jiragen masunta.

Muka shagala da kallon ruwa kamar ƙauyawa, har rana ta fara ja ba mu yi la'asar ba. Mota tana can nesa. Duk inda ka duba caɓi ne, in ban da wani busasshen tudu da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Muka yi alwala da ruwan gora. Ɗaya daga cikinmu, wani Alhaji mai gaggawar tsiya, har ya warware dardumarsa.

Sai ga mahaifiyar Laoban, tsohuwa 'yar firit, ta sheƙo tana ihu ta tare gabansa. Ashe kan tudun akwai wasu furanni shuɗaye, ƙanana kamar furen wake, kwance a yashi. Laoban ya ce da guntun Turancinsa, a nan kaɗai suke fitowa, uwarsa ce ke gadinsu tun tana yarinya. Tsohuwar ta nuna gabas ta nuna yamma tana kaɗa hannu: "Meyo, meyo." Wato babu su ko'ina.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Haba Malam, a kan ciyawa za mu rasa salla?"

Raina ya ɓaci. Ni ɗan mai magani ne, kuma mahaifina ko saiwa zai haƙa sai ya bar wa itacen rabonsa ya mayar da ƙasa. Na ce, "Alhaji, naɗe dardumar nan. Taɓon teku ai ba najasa ba ne."

Na cire takalmi, na shiga caɓin da sabuwar farar shaddata, na tayar da iƙama. Sai na ji faca-faca a bayana, Alhaji na ƙunƙuni amma ya shigo sahu, shi da na ukunmu. Muka yi sujada, goshi da gemu duk laka.

Da muka sallame, tsohuwar tana tsugune a bakin tudun tana duba furanninta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta ga fuskokinmu, ta yi dariya har da hawaye. Allah ya yafe mini in taƙama ce, amma har yau ina jin daɗin wannan la'asar. Ko fure ɗaya bai karye ba.