Ganyen da Aka Hana Inna Saja Kwashewa

Ku matso ku ji labarin maƙwabciyata Inna Saja. Har yau in na tuna abin da aka yi mata sai raina ya ɓaci.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar da ta haura daga birnin Sirinagar zuwa duwatsu, kuma a filin bayan gidanta akwai manyan bishiyoyi da ake kira cinar. In kaka ta yi, ganyensu yakan yi jawur, ya zubo har ya rufe idon sawu. Baƙi kyau suke gani, mu kuwa gawayi muke gani. Tun tana amarya Inna Saja take tara ganyen nan da manjagara, ta cinna masa wuta, tana yayyafa ruwa don kada ya zama toka. Abin da ya fito shi take zubawa a kangiri, ɗan kaskon wutar da kowa ke rungumewa cikin riga in sanyi ya sauko. Mijinta, Baba Sona, tsoho ne mai ciwon ƙirji. Da zarar kangirinsa ya huce, tari ya sarƙe shi.

Ana nan sai Irshad, ɗan ƙanwarta da ta goya bayan rasuwar uwarsa, ya kafa rumfar shayi a gindin bishiyoyin. Motocin masu yawon kallon ganye suka fara tsayawa. Su sha shayi, su kwanta cikin ganye, su watsa shi sama ana ɗaukar su hoto.

Ranar da Inna Saja ta fito da manjagara, Irshad ya tare ta.

"Inna, don Allah ki bar shi ya kwana biyu. Shi suke biyowa."

"Su ba su da ganye a garinsu?"

"Ba irin wannan ba."

"To su zo da buhu in koya musu tarawa, mu raba."

Ya yi dariya ya riƙe hannunta. "Zuwa Juma'a kawai, Innata. Ni da kaina zan tara miki."

Inna Saja da ko mai unguwa ba ya ja da ita, sai ga shi ta koma gida. Yaron da ka goya ya san inda zai taɓa ka.

Juma'a ta zo, ya ce ango da amarya za su zo ɗaukar hoto. Wata Juma'ar ya ce motar ɗalibai. Da ta gaji ta sake fitowa, sai ya karɓe manjagarar a gaban mutane, yana ce musu, "Tsohuwarmu ce, kada ku damu." Wata baƙuwa ma ta roƙa a mayar wa Inna Saja da ita, wai ta riƙe ta yi murmushi, hoton zai fi kyau.

"Murmushin na bar shi a gida wurin mai tari," in ji Inna Saja.

Kafin mako ya zagayo ruwa ya sauko, ya yi ta zuba, ƙanƙara ta biyo baya. Ganyen ya jiƙe ya ruɓe, ya zama baƙin taɓo. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Irshad ya ɗaure rumfarsa da igiya ya gangara birni, ko sallama babu.

Muka taimaka da abin da ya samu, wannan kwano, waccan kwano, amma kowa nasa gawayin ƙididdigagge ne. Ta bango nake jin tarin Baba Sona, irin wanda in ya fara sai ka tsaya kana jiran ko zai ƙare.

Wata safiya na ji sara. Na leƙa, sai ga Inna Saja da gatari tana farfasa teburan rumfar da kujerunta.

Na ce, "Inna Saja, kayan Irshad ne fa."

"Ganyen kuma na wa ne? In ba za ki kama ba, matsa."

Na kama. Muka haƙa rami, muka turara itacen, ya ba da gawayi mai kyau kuwa.

Labari ya kai birni, Irshad ya hauro yana huci.

"Inna, kin kashe min sana'a."

"Shiga ka gai da babanka, ka saurari ƙirjinsa. In ka fito sai mu yi maganar tebur."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Tarin ya taso daga ciki. Bai shiga ba, sai ya juya ya nufi tasha.

Baba Sona ya ga bazara, amma ƙirjin bai koma daidai ba, yanzu ko masallaci sai an riƙe shi. Irshad ya kafa sabuwar rumfa a kwanar gaba, motoci suna tsayawa kamar da, yana gaya wa mutane wai tsufa ne ya taɓa Innarsa. Abin da ke ƙona min rai shi ne an yarda da shi. A wurin biki, a bakin famfo, sai ka ji ana nuna ta ana cewa ga matar da ta ƙone kayan ɗanta. Ni kuwa duk wadda ta faɗa a gabana sai na tambaye ta ko a ɗakinta tsohon ya yi tarin.